Wa ya fi wani ci? Gardamar bakin tire

Kowace majalisa a ƙasar nan tana da acicinta. Ka je duk unguwar da kake so a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, ka zauna da samari bayan isha'i ka ce wai wa ya fi kowa ci a nan, kafin ka rufe baki yatsu sun nuna mutum guda, shi ko zai dinga rantsuwa wai sharri ake mai, wane ya ninka shi ci, shi dai bakin jini ne gare shi. Kuma gardamar ba ta mutuwa don ba mu da ma'auni. Mu ba da faranti kowa nashi munka tashi ba, a tire guda ko akushi guda munka koyi ci, hannu biyar hannu shida kan tuwo guda, to wa ya ƙirga lomar wani? Abin da kowa ya sani kawai shi ne ya tashi bai ƙoshi ba, alhali ga wani can gefe yana gyatsa yana neman tsinken sakace.

Ni dai a nawa ganin mutum biyu ne muke haɗawa mu ba su suna guda, kuma muna zaluntar ɗaya daga ciki. Akwai mai babban ciki, wanda Allah ya yi shi haka, in an ba shi malmala huɗu zai tashi da su a natse, bai taɓa gaban kowa ba, bai yi sauri ba, in tuwon ya ƙare ya wanke hannu ya yi hamdala ko da bai kai inda yake so ba. Akwai kuma mai zari. Shi wanga ba lallai cikinsa ya fi naka girma ba, sau da yawa ma in ka zuba mai nashi shi kaɗai sai ya rage, amma da ya ga hannuwa cikin kwano sai hankalinsa ya tashi, gani yake duk lomar da wani ya kai baki daga rabonsa anka ɗebe ta. Na farko ya fi ka ci. Na biyu cin naka ya yi. Amma duk acici muke ce musu.

Masu zarin nan fa suna da dabaru, duk wanda ya yi makarantar kwana ko ya zauna gidan yawa ya san su. Babbar dabara ita ce zafi. A sauke tuwon shinkafa yanzu-yanzu yana turiri, kowa na hura yatsu yana jiran ya sha iska, shi ko gogan hannunsa ya riga ya mutu, ya yanki loma ya jefa ba tauna, hawaye na zuba yana cewa ai ba zafi ku ci mana. Kafin tuwon ya huce ya kai rabi. Sai mai tambaya, wanga shi ya fi ba ni haushi don wayonsa ya yi yawa, ana sa hannu zai ce wai jiya Arsenal ce anka yi ma ci biyu ko uku? Shikenan ya kunna wuta, masu gardamar ƙwallo sun saki tuwo sun kama musu, shi ko hannu baka hannu ƙwarya, ba za ka sake jin muryarsa ba sai dai "hmm, haka ne" in an juyo gare shi. Akwai mai rami, yana ci ta ƙarƙashi saman tuwon na nan lafiya lau, ka ɗauka bai ci komai ba sai ka ga gefenka ya rufta wajensa. Akwai mai yin magudana da ɗan yatsa don miyar ta gangaro gabansa ku ku ci gaya. Akwai mai cewa bari in gyara ma tiren nan zama, ya juya shi a hankali sai ga tsokar kifin ta dawo saitinsa. Shi ko mai tura nama ƙarƙashin tuwo ya binne sai an kusa tashi ya tono, wannan ba a ma maganarsa.

Sai baƙon da ake ce ma bismilla ya ce alhamdu lillahi yanzu na tashi daga kan abinci, a matsa mai, ya ce to bari dai in sa albarka. Ku ji tsoron mai sa albarka.

A gida kuwa, aƙalla yadda munka taso, ba a barin yaro ya girma da irin wagga ɗabi'a. In ana ciyayya a ƙofar gida, maƙwabta kowa ya fito da akushinsa, manya gefe yara gefe, ko kuma a haɗa ka da yayyenka, ƙaramin ciki shi ke riƙe bakin kwano da hannun hagu kada ya motsa, idonsa ƙasa, ba ya kallon bakin kowa. Nama ba naka ba ne sai babba ya ɗauka ya miƙo ma. In hannunka ya ƙetara za ka ji an buge shi, kawu ya ce "kai wanga yaro, mi kaka nema gaban yayanka? Ci gabanka." Sannan babba shi ke fara tsame hannu, ya bar ma na ƙasa sauran da suɗi, ko da shi ma bai ƙoshi ba. Sai da na girma na gane yawancin "na ƙoshi" ɗin da iyayenmu ke faɗi a bakin kwano ba ƙoshi ba ne. Kaga ashe tsarin an yi shi ne don mai ƙarfin hannu da mai sauri kada su danne mai rauni, tunda kwano guda ba alƙali gare shi ba.

Kuma ba mu munka ƙirƙiro ba. Hadisin Umar ɗan Abu Salama sananne ne, yana yaro a hannun Manzon Allah (SAW), hannunsa na yawo ko'ina cikin akushi, sai anka ce mai ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Amma wanda ya fi dacewa da wagga magana shi ne na dabino, wanda ba a cika jin shi a wa'azi ba. An hana mutum ya haɗa dabino biyu a loma guda in ana ci tare, sai in ya nemi izinin abokan cinsa. Abdullahi ɗan Umar ya tunatar da mutane haka a wata shekarar yunwa zamanin Ibn Zubair, yana wucewa yana ganinsu suna cin dabinon da anka raba musu. Dubi ƙanƙantar abin fa, ƙwarar dabino guda ce ta ƙaru, amma anka tsaya anka yi magana a kanta saboda ta haɗin gwiwa ce. Ba a ce kada ka ci dabino ashirin a gidanku ba. Shi yawan ci yana da nashi babin daban, inda anka ce a kasa ciki uku, kashi guda abinci, guda ruwa, guda numfashi, ga kuma aya ta 31 a Suratul A'araf da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna. To wannan tsakaninka da lafiyarka ne da Ubangijinka. Na dabinon kuwa haƙƙin wani ne ya shigo ciki.

Inda mai babban ciki ke da daraja shi ne gona. Lokacin yankan shinkafa a fadamun Augie ko Suru ko Bunza, mutum ya duƙa da lauje tun sanyin safiya, ƙafa cikin laka, rana ta take, ga ɗaukar dami ga bugu, in anka kawo abincin rana ba mai kallon hannun wani. Ranar gayya ma maigona alfahari yake a ce tuwonsa ya kori mutane, abin kunya ne a ce an tashi gayyar wane ana lasar kwano. Wanda ya fi kowa ci a nan sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa cin kunya, wato kunyar gona nake nufi, shi ke gaba sauran na bin ƙurarsa, in ya shanye ƙwaryar fura shi kaɗai sai dai a yi dariya a ce ai ya biya. Tun da anka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 noman ya ƙara faɗi, na damina da na rani, aikin ya koma hannun 'yan ƙwadago fiye da gayya, kuma za ka ji ana ciniki ƙarara, da abinci ko ba abinci. Masu gona sun san wasu da suna, in da abinci ne sai an ƙara mudu. Duk da haka su ake fara nema, don aikin mutum biyu suke yi.

Akwai ma dare guda a shekara da al'ada ta sakar ma kowa mara, daren cika-ciki a watan Muharram. A yi tuwo mai yawa, a fito da kai ko jelar ragon layya da anka adana tun babbar salla, a ce ma yara kowa ya ci ya yi nak, har da tsoratarwar cewa wanda bai cika cikinsa ba a daren ba zai ƙoshi ba duk shekara. Malamai sun sha faɗin cewa wannan ba ya da asali a addini, abin da ya zo shi ne azumin Tasu'a da Ashura, kuma gaskiyarsu. Amma a matsayin al'ada dubi yadda anka tsara ta, ranar da za a ce kowa ya ci iya cinsa ita ce ranar da ake tabbatar da tukunya ta fi ƙarfin gidan, har a aika ma maƙwabta. Ba a buɗe gasa kan abincin da bai isa ba.

To su Amurkawa sun ɗauki wagga gardama tamu ta majalisa sun mai da ita sana'a, da alƙalai da agogo da kyamara. Duk ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kansu, ana yin gasa a Coney Island cikin birnin New York wadda kamfanin Nathan's ke shiryawa, ana cin wani dogon burodi da ake tsagawa a sa sandar niƙaƙƙen nama a tsakiya, hotdog suke ce mai. Kowa da farantinsa, kowa da mai ƙirga mai, wanda ya yi amai an fitar da shi. A 2001 wani saurayi ɗan Japan mai suna Takeru Kobayashi, ɗan siriri da shi, ya zo ya ci 50 cikin minti 12, alhali kafin shi bajintar da ake ji da ita 25 ce da ɗan ɗoriya. Ninkawa ya yi. Dabararsa ita ce ya raba naman da burodin, ya karya naman biyu ya tura tare, burodin kuma ya tsoma a ruwa ya matse ya haɗiye. Shekara shida a jere yana lashewa, sai a 2007 Joey Chestnut ya kayar da shi da 66. Daga 2008 anka rage lokacin zuwa minti 10, amma adadin bai fasa hawa ba, Chestnut ɗin ya kai 76 a 2021. Ɓangaren mata ma Miki Sudo ta ci 51 a 2024. Wanda ya zo na ɗaya dala 10,000 ake ba shi da wata ɗamara ta zakara.

Ka lissafa 76 cikin minti 10, kusan duk daƙiƙa 8 guda ta wuce. Na kalli bidiyon a YouTube kuma wallahi ban ga ci a wurin ba. Ba mai jin daɗi, ba mai santi, fuska duk jiƙaƙƙen burodi, mutum na tsalle yana girgiza jiki don abin ya sauka. Mu acicinmu ko ba komai yana jin daɗin miyar, har ya yi santi a yi mai dariya shekara guda ana tuna mai.

In an kawo wagga hira a majalisa dole wani ya ce ai da za a kai wane can da ya ba su kashi. Ba zai iya ba, ko kusa. Tumbin babban mutum yakan ɗauki lita 1 zuwa 1 da rabi ba tare da wahala ba, in an matsa mai ya buɗe har wajen lita 4, kuma yana buɗewa yana aika saƙo ƙwaƙwalwa cewa ya isa. Su waɗancan horo suke yi na musamman don kashe wanga saƙo, suna ɗura ruwa mai yawa da ganyaye don tumbin ya saba da miƙewa. A 2007 wasu likitoci a Jami'ar Pennsylvania sun sa wani ɗan gasa da wani mutum na daban gaban na'urar hoton ciki, na daban ɗin ya ci 7 ya ce ba ya iya ƙarawa, ɗan gasar ya kai 36 cikin minti 10 likitocin da kansu sunka tsayar da shi, don tumbin ya zama wani ƙaton buhu ya cika mai ciki, kuma shi bai ce ya ƙoshi ba. Likitocin sun nuna fargabar cewa irin wanga tumbi wata rana yana iya kasa komawa daidai ya daina tura abinci gaba. Wane namu na majalisa yunwa ce da lafiya ke sa shi ci, in ya ƙoshi zai tsaya. Wancan ya koya ma jikinsa mance ƙoshi ne gaba ɗaya.

Abu guda dai da gasar ta gaskata mu a kai, ba mai ƙiba ke fin kowa ci ba. Mun daɗe muna faɗi, ka ji tsoron siririn nan mai dogon wuya da ke zaune shiru a ƙarshen tabarma.

Abin da ba na so shi ne yadda samarinmu ke kwaikwayon abin a teburin mai shayi. Za ka ji an ce in ka cinye burodin nan babba ba ruwa cikin minti kaza na biya, in ka kasa ka biya ninki, ko a jera dafaffen ƙwai, ko a dafa Indomie fakiti biyar a ce a ga mai tashi da ita, wani na ɗauka da waya don ya sa a TikTok. Na farko dai sa kuɗi ta ɓangare biyu caca ce ko da sunan wasa anka yi ta. Na biyu busasshen burodi da gwaiduwar ƙwai su ne sunka fi saurin shaƙe mutum, kuma can Amurka da ake kwaikwayo akwai ma'aikatan lafiya tsaye a wurin babbar gasar, duk da haka a ƙananan gasanni na 'yan koyo an sha samun wanda abinci ya sarƙe ya mutu. Mu a nan in ya shaƙe sai dai a yi ta dukan bayansa ana salati ana neman mai mashin. Mu mutanen da duniya ta sani da gasar kamun kifi ta Argungu a kogin Matan Fada, wadda ta faro tun 1934 har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2016, inda ake neman wanda ya fi kamo babban kifi, ban ga abin da zai kai mu gasar haɗiyar burodi ba.

Wani abin kuma, kafin a laƙaba ma mutum acici a duba ko lafiya. Wanda da can ba haka yake ba, kwatsam ya koma ci ba ƙoshi, ga ƙishirwa ga yawan fitsari kuma yana ramewa, wannan ba abin dariya ba ne, alamun ciwon suga kenan, a je a gwada jini. Yaro mai ci ba ya kumari ga ƙaton ciki, a fara da maganin tsutsar ciki kafin a ce aljanu ke ci tare da shi. Mai shayarwa kuwa da ɗan shekara sha biyar da ke tsawo kullum, su a ƙyale su kawai, a ƙara musu.

Yanzu ma dai tsadar abinci ta fara kashe gardamar da kanta. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 gidaje da yawa sun koma zuba ma kowane yaro nashi a ɗan kwano, ba don ƙyama ba, uwa ce ke tsoron kada mai sauri ya bar ƙaramin da yunwa tunda ba ƙari a tukunya. Wajen biki da suna kuma tire ya ja baya, tekawe ta karɓe, kowa a miƙa mai robarsa da ɗan yankan nama guda da ruwan leda. Da na ɗauka masu zari sun shiga uku, ashe sauya salo kawai sunka yi. Zai karɓa a layin gaba, ya tura ƙarƙashin kujera, ya zagaya ta baya ya cire hula ya sake miƙa hannu, sannan ya dawo ya ce ma mai rabo "ɗan'uwa, na Alhaji fa, ya fita alwala." Alhajin da ko gayyatarsa ba a yi ba. Mai babban cikin nan na gaskiya kuwa yana zaune da robarsa guda ya share ta tas, kunya ta hana shi neman ƙari, sai ya koma gida ya tambaya ko akwai sauran ɗumame.